Shekarar da Na Sa Muryar Inna a Faifai

Tun ranar da mutumin nan na Ikko ya kira Nasiru a waya ya ce yana son a sake fitar da tsohon faifanmu, ban ƙara cin tuwo da kwanciyar hankali a gidan nan ba. Nasiru ya ce tsufa ne ya sa mini taurin kai. Maryam ta ce ai Baba ustazanci ya shiga, tun da ya fara zama sahun gaba yake jin kunyar jitarsa. Ku duka biyun kun yi kuskure, kuma da yake ba ku barin mutum ya kai aya in yana magana, na ga gara in rubuta muku. Ba na jin kunyar faifan nan. A iya sanina ba a taɓa yin kiɗa irinsa a ƙasar Zamfara ba, kuma har yau ban ji wanda ya kama ƙafarsa ba, duk da injinan yaran yanzu masu gyara wa mutum murya ko da ta kwaɗo ce. Kyansa ba shi ne abin gardama ba. Abin da nake so ku sani shi ne abin da ya ci a gidanmu na Bungudu, tsakanin kakanku da kakarku, sannan ku faɗa mini in ku ne da kun ba da izini.

A lokacin shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a masaƙar Gusau, ina hayar ɗaki ɗaya a Tudun Wada, ban yi aure ba. Mu biyar ne muke haɗuwa mu yi kiɗa ranar Asabar da yamma, amma biyu kawai ya kamata ku sani. Akwai Bulus, mutumin kudancin Kaduna da ya koyi fiyano a cocinsu, wanda ya fi mu duka kunne. Akwai Buba, Bafulatanin Tsafe da annoba ta share wa garke, ya dawo gadin masaƙa da sarewarsa a aljihu. Ni ne mai jita, ni ne kuma mai bakin tsiya. Wani Baturen injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar wa Bulus kwalin faya-fayai, a ciki muka tsinci wani da ya hana mu sakat. Mun saba da kiɗan Turawa na rawa, minti uku an tashi. Wannan kuwa waƙa ɗaya ce ta cinye fuskar faifai guda, ta fara da sarewa da wata murya kamar ta tsohon makiyayi, can sai jitar lantarki ta faɗo mata, kiɗan ya sauya tafiya ya sake sauyawa, ya dawo inda ya faro. Bulus, wanda yake jin Turanci fiye da mu, ya ce waƙoƙin ƙauyawansu ne suka ɗauko suka yi musu wannan gini. Buba ya saurara har ƙarshe ya ce in dai ƙauyawa ne ai mu ma ba mu rasa su ba. Daga ranar muka daina kwaikwayon kowa, muka shiga neman waƙar da za mu ɗora namu ginin a kai.

Wata uku muna nema. Mun gwada kiɗan noma, mun gwada na maharba, mun gwada na 'yan dambe, duk suna da daɗi amma duk na maza ne masu kirari, da ka sa musu jita sai su zama hayaniya. Ni ne na ce na san wata waƙa da ba ta da kirari ko ɗaya, kuma a gidanmu take.

Ku ba ku tarar da niƙa a dutse ba, don haka sai na yi muku bayani. A zamaninmu mace ba ta tsayawa gaban mijinta ta ce ka cuce ni. Amma in ta durƙusa a bakin dutsen niƙa da safe, tana da izinin rera duk abin da ke cinta, kuma dokar gida ita ce kowa ya yi kunnen uwar shegu. Maigida yana ji, 'ya'ya suna ji, maƙwabta suna ji ta kan katanga, amma ba wanda zai ce ya ji. Abin da aka faɗa a nan dutse aka faɗa wa. Ko da injin niƙa ya zo Bungudu mata suka koma can da ƙwaryarsu, Inna, kakarku, ba ta bar dutsenta ba, ta ce garin inji ɗaci gare shi. Kullum bayan asuba waƙa ɗaya take yi, tun ina ƙarami har na yi gemu. Kuma ga abin da zai ba ku mamaki: an horar da ni da rashin ji har na zama kurman gaske. Na haddace sautin waƙar nan, ina iya busa ta da baki, ina iya kaɗa ta a jita, amma da za a ɗora mini wuƙa a ce in faɗi abin da take cewa, da sai dai a yanka.

Na ari rikodar Bulus na hau motar Bungudu ranar wata Juma'a. Washegari da safe na durƙusa kusa da ita na ajiye rikodar a kan tabarma. Ta dube ta, ta dube ni.

"Wagga aba ta mi ce?"

"Muryarki zan ɗauka, Inna."

"Ka yi mi da ita?"

"Saurare zan riƙa yi."

"To ɗauka. In kewa ta kama ka can birni ka ji uwarka."

Ban yi mata ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina shekaru da yawa. Amma na san abin da ta fahimta, na kuma bar ta a kansa. Ta yi niƙanta ta yi waƙarta, da dutse ya tsaya na danna na kashe, na yi mata godiya na kama hanyar Gusau ina jin kamar na tsinci dami a kala.

Da na kunna musu a ɗakina, Buba ya sunkuyar da kai. Bulus ya sa na mayar har sau uku. A na ukun ya kashe da kansa ya juyo gare ni.

"Garba, ka kuwa ji abin da tsohuwar nan take faɗi?"

"Waƙar niƙa ce," na ce masa. "Duk haka suke."

"Saurara dai. Ni baƙo ne, ba a hana ni ji ba."

Ya sake kunnawa, a ranar na fara jin waƙar uwata. Ga abin da take cewa, tana maimaitawa tana juya shi:

Dutse ci gero, ni na ci haƙuri.
Na ce a tahi, anka ce sai an ƙare noma.
Mai farin jaki, gonarka ta yi kyau,
To ina ɗiyata?

Ina da ƙanwa Saratu da ta rasu tana shekara uku, ina ɗan biyar a lokacin. Na taso da sanin zazzaɓi ne ya kashe ta da damina, shi ke nan. A ɗakin nan na Tudun Wada na haɗa sauran da kaina: Inna ta ce a kai ta asibitin Gusau, Baba, kakanku, ya ce a bari a gama noman firi kada ciyawa ta cinye gero, kwana biyu ne kawai. A rana ta uku ya ɗora su a jakinsa, ba su kai bakin titi ba yarinya ta cika. A Bungudu kaf mutum ɗaya ne aka sani da farin jaki, har bayan jakin ya mutu sunan bai bar shi ba.

Bulus ya ce mu cire muryar, mu bar sautin dutse, Buba ya ɗauki waƙar da sarewa. Mun gwada, ya yi daɗi, kowa zai saya. Amma na riga na ji yadda take da muryar, kuma bambancin kamar na miya da gishiri da wadda ba ta da shi ne. Kwana huɗu ina juya abin. Ba zan ce muku ban sani ba, wannan ita ce ƙaryar da ba na so in mutu da ita. Na sani sarai. Na ce wa kaina Ikko za a buga shi, 'yan boko ne za su saya, wa zai kai garmaho Bungudu? Na ce ba ta ambaci sunan kowa ba. A ƙarƙashin wannan duka dalili ɗaya ne na gaskiya, wato na samu abin da zai sa a san ni kuma ban iya sakinsa ba. Na ce da Bulus a bar muryar a ciki. Ya ce uwarka ce, ya ɗaga kafaɗa.

Yanzu bari in yi wa faifan adalci, tun da ku a waya kuka ji guntunsa, ta wannan ƙaramar lasifika mai kukan sauro. Fuskar farko waƙa ɗaya ce, minti goma sha tara. Ta fara da dutse kaɗai, gurzawa da dawowa, har mai sauraro ya fara tsammanin allura ce ta lalace. Daga nan muka ɗauki ma'aunin kiɗan duka, ba daga ganga ba, shi ya sa yake da ɗan ɗingishin nan da makaɗa suka yi ta tambayarmu yadda muka ƙirga shi. Ba mu ƙirga ba, hannun Inna ne, turawa ta fi jawowa nauyi. Sai muryarta ta shigo ita kaɗai. Sai Buba ya bi ta a baya da sarewa, ba ya rufe ta, yana cike inda take jan numfashi. Bulus ya shimfiɗa fiyano a ƙasa a hankali yadda ba za ka san lokacin da ya shigo ba. A tsakiya muka juya zuwa kiɗan noma, ganguna suka barke, na saki jitar tana kukan gurmi amma da ƙarfin lantarki, kamar gayya ce ake yi a gona mai kyau kowa yana murna. Ana cikin wannan murnar sai komai ya yanke, a bar ta ita kaɗai ta yi tambayarta ta ƙarshe. Wannan yankewar tawa ce, ni na kawo ta, kuma na ga ƙattin direbobi a tashar Gusau sun ajiye cokali a wurin. Kyan faifan shi ne ba mu yi wa waƙar ado don mu ɓoye ƙauyancinta ba, duk kayan Turawan nan bayi muka mai da su suna yi mata hidima. Wannan ne abin da masu kwaikwayonmu suka kasa ganewa.

Lissafina na cewa ba zai kai ƙauye ba bai yi wata biyu ba ya rushe. Na manta da masu kaset. Wani ya sayi faifai ɗaya ya juye, kafin ka ce kwabo yana tashar Gusau, yana motocin Funtuwa, yana rumfar kowane mai shayi. Baba a lokacin yana fataucin hatsi, yana bin kasuwanni da motar haya. A kasuwar Tsafe, da rana tsaka, yana tsaye kan buhunansa ana ciniki, mai kaset na kusa da shi ya ƙure lasifika. Akwai mutanen Bungudu a wurin da suka zo mota ɗaya da shi. An ce ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Kowa ya sunkuyar da kai ya shiga gyara bakin buhun da ba ya buƙatar gyara. Ya tsaya har aka kai ga tambayar, sannan ya bar hatsin a hannun wani ya nemi mota.

Yayata Ladi ce ta ba ni labarin isowarsa, ita ce kuma ta aiko a kira ni. Ta ce ya shigo bayan la'asar bai ko cire takalmi ba, ya tsaya a bakin madafa inda Inna take tankaɗe.

"Ke, na ji," ya ce. "Yau kam na ji. Ni da mutanen kasuwar Tsafe duka."

Bai ƙara ba, ya juya zaure. Na iso washegari ina shirye da duka ko tsinuwa, har ina fatan su. Na same shi zaune a buzunsa, na durƙusa na gaishe shi ya amsa lafiya lau. Yana kallon ƙofa ya ce:

"An ce kai kag gyara shi."

"Ni ne, Baba."

"Hannunka ya iya aiki."

Iyakar abin da ya taɓa ce mini a kan maganar ke nan har ya bar duniya. Na shiga ciki wajen Inna na fara rantse-rantse, ina cewa zan bi tasha in karɓe kaset ɗin duka, kamar mai cewa zai tsince gero daga cikin rairayi. Ta bar ni na gama.

"Garba, shekara ashirin da biyu ina hwaɗa ma dutse, shi yana zaure yana ji. Ni ban ce da shi nike ba, shi bai ce ya ji ba. Hakanan munka zauna lahiya. Yanzu ka sa ya ce ya ji. To mi zan ce mai gobe?"

Ba ta jira amsata ba. Da safe ta miƙa wa Ladi ƙwaryar gero ta ce a kai inji.

Na so a ce an yi rigima, an yi yaji, an yi biko, don abin da aka yi faɗa a kansa yana da ranar ƙarewa. Ba a yi ba. Ta ci gaba da kai masa tuwo, ya ci gaba da kawo cefane, suna gaisawa kamar maƙwabtan da suka taɓa shari'a. Gidan da na sani da ƙarar dutse tun kafin rana ta fito ya koma shiru, in ka kwana can sai ka farka kana jin wani abu ya ɓace ka rasa mene ne. Baba ya daina zuwa Tsafe, daga baya ya daina zuwa kowace kasuwa, don ko'ina akwai mai kaset. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ya koma daga zaure sai masallaci. Mata kuma suka sa Inna a baki, matar aure da muryarta a tasha 'yan kamasho suna bi, har ta bar zuwa suna da biki. Ni kuwa a Gusau ana nuna ni da yatsa ana cewa ga mai jitar nan, ana gayyatarmu Kaduna, ina zuwa ina kaɗawa. Kada ku ɗauka na ajiye jita a take don nadama, sai da na ƙara fiye da shekara ina cin moriyar abin. Ranar da aka aiko cewa Baba ya kwanta, muna shirin tafiya wasa ne. Ya yi damina biyu bayan ranar Tsafe ya rasu. Likita ya ce zuciya ce, ni ban yi masa gardama ba. Bayan sadakar bakwai na ba Bulus jitar na ce ya sayar ko ya ƙona, bai ce mini ai na gaya maka ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda wannan.

Inna ta yi shekara goma sha tara bayansa. Kun san ta, tsohuwa mai shiru da take ba ku ƙuli-ƙuli, kuna cewa Kaka ba ta son hayaniya. Ba haka aka haife ta ba. Ko tawai ba ta taɓa yi muku da waƙa ba, sai dai ta jijjiga ku a bayanta bakinta a rufe, kuma duk lokacin da na ga haka sai in tashi in bar wurin. Ba ta taɓa jin faifan ba, in ta ji an kunna wani abu mai kama da shi a maƙwabta sai ta shige ɗaki.

A ciwonta na ƙarshe na ɗauko ta daga Bungudu na kawo ta nan gidan don kusa da asibiti. Wata rana bayan azahar, uwarku ta tafi kasuwa, ina zaune ina yi mata fifita, sai ta ce ko ina da abin nan har yanzu. Na ce wane abu, alhali na gane. Ta ce in sa mata, tana so ta ji abin da shi ya ji. Na jawo garmahon daga ƙarƙashin gado na share ƙura, na ɗora allura. Ta rufe ido ta saurara tun daga dutsen. Da sarewa ta shigo ta ce wannan mai busar ya taɓa rasa wani abu, na ce shanunsa, ta gyaɗa kai. Da ganguna suka barke har yatsanta ya ɗan motsa a kan zane. Aka zo yankewar, muryarta ta shekarun baya ta yi tambayar, kiɗa ya ƙare. Ta ci gaba da jira idonta a rufe, sannan ta buɗe.

"Ina sauran?"

"Ya ƙare, Inna. Iyakarsa ke nan."

"Bai ƙare ba. In na aje ɗan dutse ina tara gari, akwai wanda nika yi a hankali."

Na tuna yatsana a kan rikoda, da dutse ya tsaya na kashe, don ni a wurina niƙa ya ƙare waƙa ta ƙare. Na tambaye ta abin da take cewa a wurin.

"Ina ce mai ya tashi ya tahi gona, ba shi yak kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Kullum sai na hwaɗa. Shi yaka jira, ba ya tashi sai ya ji shi." Ta dubi rufin ɗaki. "Ashe rabi kas sa mai a kasuwa. Ni kuma tun rannan ban ƙara ba shi ɗaya rabin ba."

Kuka na yi, ina da shekara kusan hamsin, irin kukan da ban yi a jana'izarsa ba. Na ce ta yafe mini, ta ce ta daɗe da yafewa, uwa ba ta riƙe ɗa. Sai wautata ta sake motsawa, na ce bari in nemo rikoda ta rera mini ƙarshen, ko sau ɗaya, a haɗa shi da sauran a samu waƙar ta cika.

"In yi ma wa?" ta ce. "Mai ita ya tahi."

Ta juya ta fuskanci bango. Allura tana ta gurzar ƙarshen faifan, na tashi na ɗage ta.